Jitar Abzinawa: Nazari a kan Makaɗan Agadas da Abin da ya Raya Kiɗansu

Gabatarwa

Tun daga farkon shekarun 2000, kiɗan jita na Abzinawa ya fito daga hamada ya zaga duniya. Ƙungiyar Tinariwen ta arewacin Mali ta karɓi kyautar Grammy a Amurka a 2012. Bombino, haifaffen ƙasar Agadas, shi ne mawaƙin Nijar na farko da sunansa ya shiga jerin masu takarar wannan kyauta, albarkacin kundinsa mai suna Deran na 2018. Mdou Moctar da Etran de L'Aïr da Les Filles de Illighadad kuwa ba sa rabuwa da yawon wasa a biranen Turai da Amurka. Sai dai galibin abin da aka rubuta a kansu da Faransanci da Ingilishi aka rubuta, kuma ya fi karkata ga labari ɗaya, cewa 'yan tawaye ne da suka ajiye bindiga suka rungumi jita. Labarin yana da tushe, amma bai bayyana yadda kiɗan ya ci gaba da numfashi bayan an daina harbi ba.

Hujjar da wannan nazari yake son kafawa ita ce: hijira da tawaye ne suka haifi wannan kiɗa, kasuwar waje ta yayata sunansa, amma bukukuwan aure da na suna a unguwannin Agadas da garuruwan da ke kewaye da ita su ne suka raine shi, suka sauya masa sauti, kuma su ne ke ƙyanƙyashe sababbin makaɗa har yau. Za a bi sawun kiɗan ta hanyoyi uku da ya bi ya isa kunnen jama'a, wato kaset da wayar hannu da kamfanonin ƙetare, domin kowace daga cikinsu ta bar masa alama. Batun ya shafi mai karatu Bahaushe kai tsaye. Hausa ce harshen kasuwa da titi a Agadas, kuma ɗaya daga cikin kundayen da suka sauya alƙiblar wannan kiɗa a Sakkwato aka naɗe shi.

Kiɗan Abzinawa kafin zuwan jita

Tun kafin jita, kiɗa a wurin Abzinawa yana da masu shi, yana da ƙa'idojinsa. Akwai imzad, ɗan'uwan goge mai tsirkiya ɗaya, wanda bisa al'ada mata ne suke goga shi, maza kuma su ɗora baitocin jarumta da na bege a kai. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Akwai tende, turmin daka da ake rufe wa baki da jiƙaƙƙiyar fatar akuya. Mata ke buga shi suna waƙa da amshi da tafi, maza na kewaya su a kan raƙuma. Sai takamba, kiɗan molo mai tsirkiya uku da ake kira tehardent haɗe da ƙwarya, wanda ya fi ƙarfi a wajajen Gao da Tumbutu, kuma maroƙa da maƙera ne ke yin sa.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga nan. Na farko, mata ne ginshiƙin kiɗan gargajiya. Na biyu, kiɗan yabo da neman abin hannu sana'ar gado ce ta wani rukunin jama'a, daidai da yadda abin yake a tsohon tsarin ƙasar Hausa. Namiji ɗan babban gida ana son shi da kunya da kame kai, ba a son a gan shi tsakiyar fili yana kiɗa don a ba shi. Jita kuwa ta shigo ba ta da gidan gado. Ba ta mata ba ce, ba ta maƙera ba ce, don haka kowane saurayi yana iya ɗaukarta ba tare da ya ci iyakar kowa ba. Wannan ne ya sa ta dace da samarin da fari da hijira suka riga suka raba da tsohon tsarin zaman jama'a.

Fari, hijira da haihuwar sabon kiɗa

Da ƙasashen yankin suka samu 'yancin kai, Abzinawa sun wayi gari a rarrabe tsakanin Mali da Nijar da Aljeriya da Libiya da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. A 1963 tawaye na farko ya ɓarke a yankin Kidal, gwamnatin Modibo Keita ta murƙushe shi da ƙarfin soja. Cikin waɗanda aka kashe har da mahaifin Ibrahim ag Alhabib, ɗaya daga cikin waɗanda za su kafa Tinariwen, lokacin Ibrahim yana ƙaramin yaro. Daga nan sai farin 1973 zuwa 1974, sannan na 1984 zuwa 1985, suka ƙarar da dabbobin makiyaya. Wasu suka gangaro kudu zuwa Kano da Katsina da Sakkwato, inda aka san su da aikin gadi. Samari da yawa kuma suka haura arewa, zuwa Tamanrasset da Janet a Aljeriya, da Gat da Ubari da Sabha a Libiya, suna lebura ba takardu, yau da aiki gobe babu. Su ne aka laƙaba wa suna ishumar, wato marasa aikin yi, kuma da wannan suna aka fara sanin kiɗansu.

A wannan zama ne suka ji kiɗan Larabawan Magariba irin na ƙungiyar Nass El Ghiwane ta Maroko, da waƙoƙin finafinan Indiya, da jitar Jimi Hendrix da Santana da Dire Straits, da Bob Marley. A wajajen 1979, a Tamanrasset, Ibrahim ag Alhabib ya haɗu da Alhassane ag Touhami da Inteyeden ag Ablil da ɗan'uwansa Liya, suka soma kiɗa a tarukan 'yan gudun hijira. Wannan ne tushen Tinariwen. A 1980 Gaddafi ya yi kira ga samarin Abzinawa su zo Libiya a ba su horon soja, makaɗan na cikin waɗanda suka amsa. A sansanonin ne waƙoƙinsu suka koma kira ga haɗin kai da tunawa da abin da ya faru a Kidal, haɗe da kewar gida da kaɗaici, abin da Abzinawa ke kira assouf.

Babu gidan rediyon gwamnati da zai sa irin waɗannan waƙoƙi, saboda haka kaset ya zama jarida. Wanda ya kawo kaset marar komai sai a naɗa masa, shi kuma ya kwafa wa wani, direbobin hamada su tsallaka iyaka da shi. Wannan hanya ta tsara kiɗan ta fuskoki biyu. Tun da saƙo ake son isarwa, murya ce a gaba, jita marar lantarki na biye da ita a hankali, sai tafi da amshi. Sannan waƙa ta zama ta kowa. Kaset ɗin da aka kwafa sau da yawa ba ya ɗauke da sunan mai waƙa, don haka aka samu tarin waƙoƙi da kowace ƙungiya ke yi tamkar gado. Hakan ya ƙarfafa kiɗan a lokacin, amma ya bar matsalar haƙƙin mallaka da za ta taso daga baya.

Tawaye a Nijar da gudunmawar Abdallah Oumbadougou

A watan Mayun 1990, bayan wani hari a Cintabaradan, sojojin Nijar sun kashe fararen hula Abzinawa, adadin da har yau ake gardama a kansa. A watan Yuni na shekarar aka kai hari Menaka a Mali. Tawaye ya kama a ƙasashen biyu. A ɓangaren Nijar, muryar da ta fi tashe ita ce ta Abdallah ag Oumbadougou, jagoran ƙungiyar Takrist n'Akal, wanda ya yi zaman Aljeriya da Libiya kamar takwarorinsa na Kidal. An hana kaset ɗinsa yawo a lokacin yaƙin, amma hanin bai hana shi shiga bukkoki da gidaje ba.

An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Nijar a Yamai ranar 24 ga Afrilun 1995, ranar da ta zama hutun ƙasa. A Mali an ƙona makamai a Tumbutu a watan Maris na 1996. Muhimmancin Abdallah bai tsaya ga waƙoƙin yaƙi ba. Bayan sulhu ya dawo gida ya yi wasa a bainar jama'a, ya kuma kafa wuraren koyar da kiɗa a Arlit da Agadas. Ta haka ne yaran da ba su taɓa ganin sansanin Libiya ba suka ga jita a hannun ɗan'uwansu. Mdou Moctar da kansa ya sha faɗin cewa ganin wasan Abdallah ne ya sa shi haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar burkin keke. Abdallah ya rasu a watan Janairun 2020, kuma kusan duk mai kaɗa jita a arewacin Nijar almajirinsa ne, ko kai tsaye ko ta hanyar kaset.

Biki, inda kiɗan ya samu gindin zama

Tambayar da labarin tawaye ba ya amsawa ita ce: da yaƙi ya ƙare, me makaɗi zai ci? Amsar tana filin biki. Daga tsakiyar shekarun 1990, iyalai a Agadas da Arlit da Ingal da Abalak da Cintabaradan suka fara gayyatar masu jita zuwa auren 'ya'yansu da sunan jikokinsu, har ta kai biki a gari ba ya cika sai da su. Akan share fili a ƙofar gida ko a bakin gari, a shimfiɗa tabarmi, a tayar da janareta, a jera lasifikoki. Jama'a su yi da'ira, masu rawa su riƙa shiga kaɗan-kaɗan suna fita, ana guɗa ana liƙi. Jam'iyyun siyasa, da suka yawaita bayan taron ƙasa na 1991, su ma suka riƙa ɗaukar ƙungiyoyin jita zuwa yaƙin neman zaɓe. Masu kai baƙi yawon buɗe ido cikin duwatsun Abzin da rairayin Tenere suka zama wata kafar samu.

Biki yana da buƙatunsa, kuma su suka ƙera sautin da ake kira na Agadas. Mai biki rawa yake so, saboda haka kiɗa ya ƙara sauri. Fili a buɗe yake ga taro mai yawa, saboda haka jitar lantarki ta maye gurbin ta katako, gangunan zamani masu faranti suka maye gurbin tafi da ƙwarya. Na'urorin ƙara sauti ƙanana ne kuma sun sha aiki, idan aka ƙure su sai sautin ya fito a tsage yana gurnani. Abin da ya fara a matsayin ƙarancin kayan aiki sai kunne ya saba da shi, har ya zama ado da ake nema da gangan. Wasa kan ɗauki sa'o'i, don haka waƙa ɗaya takan miƙe, mai jitar gaba yana zuba gwaninta muddin masu rawa ba su gaji ba.

Idan aka kwatanta da salon Kidal sai bambancin ya fito sarai. Ginin ɗaya ne. Sautuka biyar ake hawa da sauka a kansu, babban yatsa na dukan tsirkiya mai kauri ba tsayawa yayin da sauran yatsu ke fitar da karin waƙa, jagora ya bayar 'yan amshi su karɓa, kuma bugun yana da dangantaka da na tende da takamba. Amma Tinariwen, da ƙannensu irin Terakaft da Tamikrest, suna tafiya ne a natse, kalma na gaba kiɗa na biye. A salon Agadas kuwa, Group Inerane ta Bibi Ahmed, da Bombino, da marigayi Koudede wanda ya rasu a hatsarin mota a 2012, jita suke sa wa gaba, ganga na kora ta.

Biki kuma shi ne makaranta. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da jan waya, a ba shi ganga idan mai ita ya gaji, daga nan ya hau jitar rakiya, kafin wata rana a bar masa gaba a farkon wasa lokacin da taro bai cika ba. Bombino, wanda aka haifa a Tidene a 1980, ya yi koyo a ƙarƙashin makaɗi Haja Bebe, kuma a ƙungiyarsa ne ya samu laƙabin da duniya ta san shi da shi. Misali mafi bayyana shi ne Etran de L'Aïr, ƙungiyar 'yan'uwa da dangi daga unguwar Abalane a Agadas. Sun fara a 1995 da jita ɗaya marar lantarki da ƙwarya a kife cikin ruwa. Sun yi fiye da shekaru ashirin suna kiɗan bukukuwan talakawa kafin kundinsu na farko ya fita waje a 2018. Da yake masu gayyatarsu sun haɗa Abzinawa da Hausawa da Zabarmawa da Tubawa, kiɗansu ya kwaso daga ko'ina, har da salon jitar Kwango. Wanda ya saurari kundinsu mai suna Agadez na 2022 kiɗan biki zai ji, domin a biki aka dafa shi.

Wannan sauyi bai zo kyauta ba. Mai jita ya wayi gari yana yin abin da kakansa ke ƙyama, wato kiran sunan mai kuɗi a fili don a yi masa liƙi, kuma ya shiga gonar maƙera da maroƙa waɗanda da su ke da wannan hurumi. Jigon waƙa ma ya faɗaɗa zuwa soyayya da yabo da nasiha da kira ga neman ilimi.

Wayar hannu da zangon Sakkwato

A 2007 tawayen Nijar na biyu ya tashi a ƙarƙashin ƙungiyar MNJ, wadda ta ɗora kokenta a kan rabon arzikin yuraniyom da ake haƙa a Arlit tun 1971. Gwamnati ta sa yankin Agadas cikin dokar tsaro ta musamman har zuwa 2009, aka koma kallon mai jita da idon zargi. An kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino, shi kuma ya tsere Burkina Faso. Group Inerane ta rasa mai jitarta Adi Mohamed. Bayan lafawar rikici Bombino ya dawo ya yi babban wasa a gindin Babban Masallacin Agadas a watan Janairun 2010 da amincewar Sarkin Abzin. Amma yawon buɗe ido bai farfaɗo ba, musamman bayan sace ma'aikata bakwai a Arlit a watan Satumban wannan shekara. Abin da ya rage wa makaɗa shi ne biki.

A daidai wannan lokaci wayar hannu mai katin memori ta karɓi aikin kaset. Ana tura waƙa daga waya zuwa waya ta Bluetooth a tasha da majalisar shayi, ko a biya mai kwamfuta a kasuwa ya loda wa mutum. Ba a buƙatar intanet. A 2008 Mahamadou Souleymane, wato Mdou Moctar, ya sauka Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar. Situdiyon da ya shiga irin na waƙoƙin finafinan Hausa ne, don haka aka yi masa aiki da kayan da aka saba: gangar kwamfuta, da manhajar nan mai lanƙwasa murya da ake kira ototun. Sakamakon shi ne waƙar Tamashek, harshen Abzinawa, da jitarsu cikin rigar waƙar fim ɗin Hausa. Ba a fitar da kundin a kasuwa ba a lokacin, amma waƙoƙinsa suka bi wayoyi har arewacin Mali.

A can ne Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci waƙar Tahoultine a katin memori, ya sa ta cikin tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, wanda ya fito a faifai a 2011. Sai da ya yi cigiya kafin ya gano mai waƙar, domin fayil ɗin waya, kamar kaset, ba ya tafiya da cikakken sunan mai shi. Darasin da ke nan yana da muhimmanci ga masu nazarin waƙar Hausa. An saba kallon situdiyoyin Kano da Kaduna da Sakkwato a matsayin masu aro daga Indiya. Tarihin Anar ya nuna su ma ana aro daga gare su, kuma tasirinsu ya haura hamada ya shiga wani harshe.

Mata da dawowar tende

Da jita ta mamaye bikin gari, mata sun tashi daga masu kiɗa sun koma masu rawa da guɗa. Wannan babbar asara ce ga al'ummar da kiɗanta ke hannun mata. A Mali, ƙungiyar Tartit ƙarƙashin Fadimata Walet Oumar, wadda ta samo asali daga zaman gudun hijira na shekarun 1990, ta riƙe tende da imzad ta kai su dandalin duniya. A Nijar kuwa Les Filles de Illighadad, daga wani ƙauye a yankin Abalak, sun bi wata hanya. Mai jitarsu Fatou Seidi Ghali ta koyi jita da kanta a kan ta yayanta. Faifansu na farko na 2016 fuska biyu gare shi, ɗaya jita ɗaya tende. A kundi na biyu, Eghass Malan na 2017, sai suka haɗa su wuri ɗaya, suka ɗora jitar lantarki a kan waƙoƙin tende na ƙauye. Aikinsu hujja ce a aikace cewa jitar Abzinawa daga tende ta tsotsi bugunta da amshinta. Duk nazarin da ya fara tarihin wannan kiɗa daga sansanin soja kaɗai ya tsallake iyayensa mata.

Kasuwar ƙetare: riba da hasara

Ƙofar waje ta buɗe ne a watan Janairun 2001, lokacin da aka yi Bikin Hamada na farko a Tin Essako ta arewacin Mali da haɗin gwiwar ƙungiyar Lo'Jo ta Faransa. A shekarar ne kundin Tinariwen da aka naɗa a gidan rediyon Tisdas na Kidal ya fita. Kamfanin Sublime Frequencies na Amurka ya fitar da Group Inerane a 2007 da Group Bombino a 2009. Etran Finatawa, haɗakar Abzinawa da Fulani Wodaɓe da aka kafa a 2004, ita ma ta samu shiga. Mdou Moctar ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015 da aka ɗauka a Agadas, wanda labarinsa kan gasar masu jita a garin ne, daga baya ya shiga kamfanin Matador ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024.

Ribar a fili take. An samu kuɗi da kayan kiɗa masu kyau, harshen Tamashek ya shiga kunnen da bai taɓa jin sa ba, kuma koken yankin game da yuraniyom da ƙishirwa da rashin makarantu ya samu masu saurare. Lokacin da masu iƙirarin jihadi suka hana kiɗa a arewacin Mali a 2012, Bikin Hamada ya tsaya, kasuwar waje ce ta riƙe Tinariwen da Tamikrest.

Hasarar ita ce ba a cika faɗa ba. Ta farko, 'yan kasuwar waje sun sa wa kiɗan sunan bulus ɗin hamada, suna jingina shi da kiɗan baƙaƙen fata na jihohin kudu a ƙasar Amurka, suna sayar da rawani da raƙumi da labarin bindiga. Mai sauraron da ba ya jin Tamashek jita kawai yake ji, saboda haka baitin da shi ne ran waƙar a zamanin kaset ya koma baya. Ta biyu, a duba inda aka naɗi manyan kundayen. Nomad na Bombino na 2013 a Nashbil, Deran a Kasabalanka, Emmaar na Tinariwen na 2014 a Kalifoniya, Ilana na Mdou Moctar na 2019 a Ditroit. Gwanintar naɗi da tacewa da rarrabawa, da kaso mai tsoka na abin da suke jawowa, suna can waje. Ta uku, ƙofar ƙunci gare ta. Ƙungiyoyi ƙalilan ne ke samun biza da kwangila, sauran na nan suna jiran gayyatar biki. Ta huɗu, tsofaffin waƙoƙin da suka yi yawo ba suna yanzu suna iya kawo kuɗi, kuma ba kullum ne kuɗin ke isa ga wanda ya ƙirƙira ko magadansa ba. Dogaro da waje ma ba shi da tabbas. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rutsa da Mdou Moctar da abokansa suna Amurka, suka kasa komawa gida na wani lokaci saboda rufe iyakoki.

Abin lura shi ne waɗanda suka yi suna a waje ba su saki filin gida ba. Mdou Moctar da Etran de L'Aïr suna dawowa su yi kiɗa a ƙauyuka da unguwanni. Sun san kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A gaban masu rawa da ke jin kowace kalma ne ake gane waƙar da ta kama da wadda ba ta kama ba.

Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa jitar Abzinawa ta ratsa zamani uku, kowanne da hanyarsa da sautinsa. Zamanin kaset ya ba ta saƙo da tarin waƙoƙin gado. Zamanin biki da wayar hannu ya ba ta sauri da ƙarfi da makaranta da abin sawa a baka, ya kuma haɗa ta da maƙwabta, ciki har da situdiyon Hausa. Zamanin kamfanonin ƙetare ya ba ta suna, amma ya kwashe naɗi da ajiya zuwa nesa. A cikin ukun, biki ne kaɗai bai taɓa yankewa ba, ko a lokacin dokar tsaro, ko bayan ɗaukewar baƙi.

Saboda haka gyara daga gida ya kamata ya fara. Ƙungiyar Imarhan ta gina situdiyonta mai suna Aboogi a Tamanrasset, ta naɗi kundinta na 2022 a ciki. Agadas, garin da UNESCO ta sanya tsohon birninsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, ta cancanci irin wannan. Hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar na da aikin rajistar tsofaffin waƙoƙi da sunayen masu su tun waɗanda suka san tarihin suna raye. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai, da Jami'ar Agadas, da Jami'ar Abdou Moumouni, su ne suka fi dacewa su tattara kaset-kaset ɗin shekarun 1980 da 1990 kafin zafi da ƙura su cinye su, su kuma naɗi tende da imzad daga bakin tsofaffin mata. Sassan nazarin Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato su ma suna da rabo a aikin, domin alaƙar waƙar fim ɗin Hausa da jitar Abzin fage ne da ke jiran ɗalibai. Makaɗan Agadas sun yi nasu, sun kai sunan yankin inda jakadu ba su kai shi ba. Saura malamai da hukumomi da masu hannu da shuni na yankin su rubuta tarihin, su adana sautin, su kuma tabbatar haƙƙin ya isa ga masu shi.